Faɗi Buƙatarka Tun Daga Bakin Ƙofa: Nasiha Ga Matasanmu Masu Gina Manhajar Intanet

 

Ɗana, wannan nasiha taka ce. Ke ma 'yata, duk inda na ce "kai" har da ke nake. Ku ne 'ya'yan Ikara da Makarfi da Kudan da Allah Ya hore wa sanin rubuta manhaja. Wani a Jami'ar Ahmadu Bello ya koyo, wani a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da ke Zariya, wani ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, wani kuwa ba shi da malami sai wayarsa da datar dare da naci. Ga shi yanzu aiki ya fara biyo ku har gida. Mai makarantar kuɗi yana son shafin da iyaye za su duba sakamakon 'ya'yansu. Mai kyamis yana son ya riƙa sanin maganin da ya rage masa a kanta. Ƙungiyar manoman rake a Makarfi, ko ta masu tumatir a Ikara, ko ta masu lambu a Hunkuyi da Likoro, tana son ta daina rubuta bashin taki a littafin da ruwan sama ɗaya zai iya lalatawa.

Wannan abin farin ciki ne, kuma ina yi wa Allah godiya da Ya nuna mana shi. Sai dai akwai wata ɗabi'a da ke shiga hannun mai koyo tun yana sabon shiga, mai daɗin aiki yau, mai wahalarwa gobe, kuma ita ce dalilin wannan takarda. Ɗabi'ar ita ce a bar kowane sashe na manhaja ya riƙa zura hannu cikin ma'ajiya ɗaya yana ɗauko abin da ya ga dama, ba tare da ya sanar da kowa ba. Masana suna kiran wannan tsari sabis loketa, wato manemin hidima. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi ya sa nake so mu yi maganar tun kod ɗinka bai yi yawa ba.

Yadda abin yake

Mu ɗauka ƙungiyar manoman rake ta ba ka aiki. A cikin manhajar akwai kilas, wato wani sashe na kod, da zai karɓi biyan bashin taki daga hannun manomi, mu sa masa suna KarbarKudi. Shi kaɗai ba zai iya komai ba. Yana buƙatar rumbun bayanai da zai rubuta biyan a ciki. Yana buƙatar hanyar tabbatar da cewa kuɗin sun shigo, ko ta Paystack, ko Flutterwave, ko Remita. Yana buƙatar mai tura wa manomi saƙon tes na shaida. Yana kuma buƙatar agogo, domin a san ko an biya kafin wa'adi ya cika. Waɗannan abubuwa huɗu su ne hidimomin da ya dogara a kansu.

Firemwok ɗin da kake aiki da shi, wato shimfiɗaɗɗen harsashin da ake ɗora manhajar intanet a kai, irin su Laravel da Symfony da Yii da CodeIgniter da Spring da ASP.NET Core, yana da wata ma'ajiya da ta san yadda ake haɗa kowace hidima. A mafi yawansu kwantena ake ce mata. Kwantena ba laifi ba ce. Abin dubawa shi ne yadda hidima ke fitowa daga cikinta ta isa ga kilas ɗinka, kuma hanya biyu ce.

Ta farko, kilas ya jera buƙatunsa a bakin ƙofarsa, wato a kwansitirakta, firemwok ya duba jerin ya miƙo masa su. Wannan ita ce miƙa buƙatu, wadda ake kira difendensi injekshin. Mai karatu zai ga haka:

new KarbarKudi($rumbu, $biya, $sako, $agogo)

Ta biyu, kilas ya yi shiru a bakin ƙofa, sai aiki ya yi nisa sannan ya waiwaya ya kira ma'ajiyar da kansa: ba ni rumbu, ba ni mai tura saƙo. Abin da mai karatu zai gani shi ne:

new KarbarKudi()

Dubi layin nan na biyu da kyau. Yana gaya maka cewa kilas ɗin ba ya buƙatar komai, alhali kuwa abu huɗu yake buƙata. Layin ya yi ƙarya, kuma ni wannan ƙaryar ce ke damuna.

Ka san birkila iri biyu ne. Akwai wanda kafin ya ɗora bulo ɗaya zai zaunar da kai ya ce: buhun siminti kaza, tifar yashi kaza, rodi kaza. In abu bai cika ba, tun da safe za ka sani, kafin a tara lebura. Akwai kuma wanda zai ce maka kada ka damu, Alhaji, ba ni makullin sito kawai. Ranar farko za ka ji daɗin na biyun, domin bai dame ka da lissafi ba. Amma ba za ka taɓa sanin abin da ginin ya ci ba, kuma ranar da siminti zai yanke, sai an kwaɓa rabi ana tsakiyar zuba dakin za ka ji labari. Kilas ɗin da ka ba damar kiran kwantena kai tsaye, makullin sito ka danƙa masa.

Daga ina ya samo asali?

Kada ka ɗauka marasa sani ne suka ƙirƙiro tsarin manemin hidima. Manyan injiniyoyi ne, kuma matsala ta gaske suka magance da shi a zamaninsu. A 2001 wasu ma'aikatan kamfanin Sun Microsystems su uku, Deepak Alur da John Crupi da Dan Malks, suka fitar da littafin Core J2EE Patterns, suka sa manemin hidima cikin tsare-tsaren da suke ba da shawarar a bi. A wancan lokaci nemo hidima a manhajojin Java na manyan kamfanoni ta hanyar JNDI aiki ne mai tsawo da jan lokaci, kuma kowa yana maimaita shi a ko'ina. Tattara neman a wuri ɗaya ci gaba ne babba.

A watan Janairun 2004 Martin Fowler, masanin tsara manhaja ɗan asalin Ingila, ya rubuta maƙalar da ta sa wa miƙa buƙatu sunan da aka san shi da shi yau, ya kuma auna shi da manemin hidima. Fowler bai haramta manemin ba. A ganinsa abin da ya fi muhimmanci shi ne a raba wurin da ake haɗa hidima da wurin da ake amfani da ita. Amma ya nuna bambancin da ba ya ɓoyuwa: in an bi hanyar miƙawa, duba ƙofar kilas ya ishe ka sanin buƙatunsa; in an bi ta manemi, sai ka bi kod ɗin kana farautar duk inda aka kira shi. A watan Maris na shekarar ne Spring na Rod Johnson ya fito da siga ta 1.0, ya yaɗa hanyar miƙawa a duniyar Java. A 2010 kuma Mark Seemann, ɗan ƙasar Denmak, ya fito fili ya ce manemin hidima tsari ne da cutarwarsa ta fi amfaninsa, saboda yana ɓoye buƙatun kilas, yana kuma jinkirta bayyanar kuskure har sai manhaja tana kan aiki.

Abin da ya fi ƙarfin hujja a wurina shi ne abin da masu firemwok ɗin suka yi da hannunsu bayan sun ɗanɗana. Zend Framework 2, wanda ya fito a 2012, ya sauƙaƙa wa kowace kwanturola, wato kilas ɗin da ke amsa wa mai ziyara in ya buɗe shafi, samun manemin hidima. Zuwa 2016, da siga ta 3 ta fito, sun cire wannan dama. Symfony ya fitar da siga ta 4 a watan Nuwamban 2017, ya mayar da hidimomi na sirri tun asali, ta yadda ba za ka iya cafko su daga kwantena kai tsaye ba sai ka buɗe da gangan. A 2017 ɗin ne ƙungiyar PHP-FIG ta amince da ƙa'idar PSR-11 ta kwantena, kuma a cikinta an ja kunnen masu amfani da kada su miƙa wa kilas kwantena don ya nemo buƙatunsa da kansa. Takardun koyarwa na Microsoft kan ASP.NET Core su ma suna cewa a guje wa manemin hidima matuƙar miƙawa za ta yiwu. Mutanen nan sun ga manhajoji dubbai sun girma sun tsufa. Gani ya kori ji.

Me ya sa yake jan hankali?

Saboda yana kusa da hannu. A Laravel, wanda Taylor Otwell ya fara fitarwa a 2011, rubuta app() a ko'ina zai kawo maka duk hidimar da ka ambata. A Yii 2, shi kansa Yii::$app manemin hidima ne, kuma haka takardunsu suka kira shi. A CodeIgniter 4 akwai service(). In ka leƙa ɓangaren manhajar waya, get_it na Flutter shi ma manemi ne. Bidiyon koyarwa da yawa suna bin wannan hanya don su gajarta darasi, kuma kod ɗin da kake kwafowa daga intanet ko daga manhajojin ƙirƙirarriyar basira sau da yawa haka yake zuwa. Ga wuta ba ta tsayawa, ga batirin laftof yana ƙasa, ga mai aiki yana kira yana cewa jibi za a raba sakamako. Na san halin da kake ciki, ba kuma raina wahalarka nake yi ba. Amma sauri ya haifi nawa. Bari in jera maka abin da za ka biya daga baya.

Na farko: kuskure zai ɓuya har sai ranar da ta fi muni

Idan kilas ya faɗi buƙatunsa a ƙofa, rashin ɗaya daga cikinsu yana bayyana da wuri. A Spring manhajar ba za ta ma tashi ba. Symfony zai kama shi lokacin da yake harhaɗa kwantena. A Laravel za ka gani da zarar an buɗe shafin da ke amfani da kilas ɗin, kuma kayan bincike irin PHPStan suna iya nuna maka wasu kurakuran tun kana rubutu. Amma idan kiran manemi yana can ƙasa, cikin wani reshe da ba a bi sai manomi ya biya bayan wa'adi ya wuce, to manhajar za ta yi wata da watanni tana aiki lafiya. Sai ranar da kaka ta yi, motoci suna lodin rake, sakataren ƙungiya yana zaune mutane sun yi layi da kuɗinsu, sannan allo zai nuna kuskure. Kai kuma wataƙila kana Kaduna ko Kano, wayarka ba caji. Mutumin da ke kan layin nan bai san kwantena ba. Abin da ya sani shi ne ya ba da kuɗinsa bai ga shaida ba, kuma daga ranar ya daina yarda da na'ura, ya daina yarda da kai.

Na biyu: gwaji zai zama wahala, sai ka daina yin sa

Kafin ka miƙa manhajar da ke taɓa kuɗin mutane, wajibi ne ka gwada ta: in an biya daidai, in an biya rabi, in an biya sau biyu, in banki bai amsa ba. Kilas mai faɗin buƙatunsa yana da sauƙin gwaji. Ka miƙa masa hanyar biya ta bogi, da mai tura saƙo na bogi, da agogon da ka tsayar a ranar da kake so, ka ga abin da zai yi. Ba ka buƙatar intanet, ba ka ƙona data, kuma cikin daƙiƙa ka gama. Wanda ke kiran manemi kuwa, sai ka fara shirya ma'ajiyar gaba ɗaya, kuma sai ka san duk abin da zai nema a ɓoye. Ka manta ɗaya, gwajinka ya tura wa iyayen yara saƙon gaske da tsakar dare. Ka bar na bogi a cikin ma'ajiyar da kowa ke sha, ya gurɓata gwajin da ke biye. Gaskiya ne Laravel ya tanadi hanyoyin musanya hidima lokacin gwaji, suna kuma aiki. Sai dai ba su gaya maka abin da ya kamata ka musanya ba. Wannan sai ka tono da kanka. Abin da ya yi wuyar gwaji, ƙarshensa ba a gwada shi.

Na uku: kilas zai yi ƙiba ba ka sani ba

Idan ƙofar kilas ta kai buƙatu takwas ko goma, idonka da kansa zai gaya maka kaya sun yi masa yawa, a raba shi biyu ko uku. Wannan nauyin da kake ji wajen rubuta dogon jeri gargaɗi ne mai amfani. Manemin hidima yana kashe gargaɗin. Yau ka ƙara masa buga rasit, gobe lissafin riba, jibi aika rahoto ga shugaban ƙungiya, ƙofar tana nan wayam kamar ba a ƙara komai ba. Bayan shekara ɗaya kana da fayil mai layi dubu biyu da kai kanka kake tsoron taɓawa.

Na huɗu: canji zai yi tsada

Ka tuna farkon 2023, lokacin da canjin fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi. Mutanen da ba su taɓa tura kuɗi ta waya ba dole ta sa suka fara, hanyoyin bankuna suka cika, tiransifa tana maƙalewa. A irin wannan rana, manhajar da za ta iya sauya hanyar biya cikin awa ɗaya ita ce mai rai. Za ka ce ai manemin ma yana ba da damar musanyawa a wuri ɗaya. Haka ne, in sabuwar hidimar ta yi daidai da tsohuwar ta kowace fuska. Amma da zarar akwai ɗan bambanci, tambayar farko ita ce: su wane ne ke amfani da wannan hidima? In buƙatu suna bakin ƙofa, editanka zai jero maka su nan take. In suna warwatse cikin ɗaruruwan kira, wasu ma da sunan da aka rubuta a matsayin zallar rubutu, sai ka bi fayil-fayil, kana addu'ar kada ka tsallake ɗaya. Ƙari a kan haka, kod ɗin lissafin bashin da ka sha wahalar rubutawa ya zama bawan firemwok ɗaya. Ba za ka iya ɗauke shi ka kai wa ƙungiyar masu tumatir da ke kan wani firemwok ba.

Na biyar: sirrin mutane

A rumbun nan akwai lambobin wayar mutane, da bashin da ake bin su, wani lokaci da lambar NIN, ko sakamakon gwajin asibiti in manhajar ta wurin shan magani ce. Tun watan Yunin 2023 Najeriya tana da Dokar Kare Bayanan Jama'a, kuma tun kafin doka addini ya hana mu tona asirin mutane. Kilas ɗin da aikinsa buga rasit ne kawai ba shi da hurumin isa ga komai da komai. Miƙa masa abin da yake buƙata kaɗai ba ya maye gurbin matakan tsaro na gaske, amma yana sa ka iya duban manhajarka ka ce: sassa uku ne ke taɓa bayanan mutane, ga su nan. Wanda ya bar kowa yana kiran kwantena ba zai iya faɗin haka da yaƙini ba.

Na shida, wanda ya fi duka: magajinka

Ɗana, ba kai za ka riƙe wannan manhaja har abada ba. A garuruwanmu sau nawa ɗan bautar ƙasa ke gina wa makaranta shafi, shekararsa ɗaya ta cika ya koma garinsu? Sau nawa ɗalibi ke gama aikin kammala karatu, a fara amfani da shi, shi kuma ya sami aiki a Abuja ko Legas? Wanda zai gaje ka wataƙila ƙaninka ne daga Paki ko Gimi ko Kauran Wali, wanda bai kai ka sani ba, ba shi da kuma babban injiniya a kusa da zai tambaya. A manyan kamfanoni akwai mai duba kod, akwai takardun bayani, akwai wanda ya daɗe. Shi kuwa yaron nan kod ɗinka ne kaɗai malaminsa. In kowane kilas ya faɗi buƙatunsa, ka bar masa taswira. In ka ɓoye, zai yi mako yana lalube, daga ƙarshe ya ce wa mai makaranta a zubar a sake sabo, a sake biyan kuɗin da da ƙyar aka tara na farko. Kuɗin nan na iyayen yara ne da manoma. Aikin da aka biya ka amana ce, kuma amanar ba ta ƙarewa ranar da ka karɓi cikon kuɗinka.

Inda ya halatta

Ba na so ka tashi daga nan ka zama mai tsattsauran ra'ayi, kana zagin duk wanda ka ga ya rubuta app(). Akwai wuraren da kiran kwantena daidai ne.

Akwai mahaɗa, wato wuri ɗaya a farkon manhaja da ake ƙulla komai: fayilolin da kake gaya wa firemwok cewa in an nemi hanyar biya a ba da wannan, in an nemi mai tura saƙo a ba da wancan. Seemann da kansa ya koyar da cewa nan ne gidan kwantena. Shi ma firemwok, duk lokacin da mai ziyara ya buɗe shafi, kwantena yake tambaya ta haɗa masa kwanturolar da ta dace. Wannan aikinsa ne, ka bar masa.

Akwai inda ba a san hidimar da za a buƙata ba sai lokacin aiki. Manomi ɗaya zai biya ta kati, wani ta tiransifa, wani da tsaba a hannun ma'aji. A nan ka gina ƙaramin kilas mai zaɓe, wanda hanyoyin biya kaɗai ya sani, ka miƙa shi a ƙofa kamar kowace buƙata. Symfony ya kawo irin wannan taƙaitaccen manemi tun siga ta 3.3 a 2017: ba ya ba da komai sai abin da ka lissafa masa tun farko.

Akwai kuma batun tsawon rai. Wata hidimar tana rayuwa muddin saba tana kunne, wata kuwa ziyara ɗaya ce ranta. In mai dogon rai ya riƙe mai gajeren rai, bayanan wani za su iya faɗawa hannun wani. Shi ya sa a ASP.NET Core aikin da ke gudana a bayan fage yake buɗe wa kansa sabon zagaye ya nemi hidimar a ciki, kuma masu Laravel Octane, wanda ya fito a 2021, suke gargaɗi kan riƙe tsohuwar ziyara cikin hidima mai dogon rai. Waɗannan larura ce da ke da dalili sananne. Ka san dalilin kafin ka yi, ka kuma rubuta shi a layi ɗaya a saman kod ɗin saboda na bayanka.

Ƙa'idar dai ɗaya ce: kiran kwantena ya tsaya a gefen manhaja, inda take haɗuwa da firemwok. Kada ya shiga cikin zuciyarta, inda ake lissafin bashi da maki da kuɗin magani.

In ka riga ka cika kod ɗinka da shi fa?

Kada ka rushe komai a dare ɗaya, domin manhajar da mutane ke amfani da ita ba wurin gwada jarumta ba ce. Fara da bincike: nemo duk inda ka kira app() ko service() ko makamancinsu a wajen mahaɗa, ka san yawansu. Sannan ka zaɓi kilas ɗin da ya fi taɓa kuɗi, ka kwashe kiraye-kirayen da ke cikinsa ka mayar da su bakin ƙofa, ba tare da ka canza komai na lissafi ba. Rubuta masa gwaji uku ko huɗu da hidimomin bogi. Daga nan ka ɗaukar wa kanka alkawari biyu: sabon kilas ba zai kira kwantena ba, kuma duk tsohon da gyara ya kai ka cikinsa, za ka bar shi ya fi yadda ka same shi. Hidimar da kake zaton za ta canza wata rana, kamar hanyar biya da mai tura saƙo, ka sa mata intafes, wato yarjejeniyar abin da za ta yi, kilas ɗinka ya dogara da yarjejeniyar maimakon sunan kamfani. Wadda ba za ta canza ba kuwa, kada ka wahalar da kanka. Laravel da Symfony da Spring duk suna iya miƙo kilas kai tsaye in sun ga sunansa a ƙofa. Za ka tarar aikin da kake gudu bai wuce ƙarin layi uku ko huɗu a kowane kilas ba.

In kuna aiki ku biyu ko uku, ku riƙa karanta kod ɗin juna kafin a ɗora a saba. Tambaya ɗaya ta isa ta fara: in na dubi ƙofar wannan kilas, na san duk abin da zai taɓa? In amsar a'a ce, a koma a gyara, ba tare da jin haushi ko girman kai ba. Wanda ya nuna maka ɓoyayyar buƙata a kod ɗinka masoyinka ne.

Ɗana, yankinmu bai daɗe da fara miƙa lissafinsa ga na'ura ba, kuma ku ne zubin farko. Yadda kuka yi aikin nan, haka dattawanmu za su ɗauki sana'ar gaba ɗaya, haka kuma ƙannenku za su koya. Addininmu ya hore mu da kyautata aiki ko da ba mai gani, kuma babu aikin da ya fi kod ɓuya daga idon mai shi: Alhajin da ya biya ka ba zai taɓa buɗe fayil ɗin ya duba ba. Saboda haka ina roƙonka, daga aikin da ke gabanka yanzu, kowane kilas da za ka rubuta ya faɗi gaskiyar abin da yake buƙata, a miƙa masa iya wannan, kwantena kuma ta tsaya a mahaɗa. Ka koya wa na ƙasa da kai haka tun ranar farko. Allah Ya yi wa sana'arka albarka, Ya sa al'umma ta amfana da kai, Ya ba mu ikon riƙe amana.